Lefen da Na Haɗa a Bayan Hotuna

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a kasuwar Sabon Gari ba, duk da Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Har yau in na hango atamfa koriya shar mai zanen manyan makullai, ko a jikin wa take, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in fara neman lungun da zan bi in kauce.

Bari in fara da gabatar da kaina, don ku san irin mutuniyar da abin ya faru da ita. Sana'ata gina shafukan intanet, amma ɓangaren fuska. Duk abin da idonka ya gani in ka buɗe shafi a waya, launi ne, rubutu ne, hoto ne, wurin dannawa ne, aikin irinmu ne. Masu aikin ciki, inda ake ajiye bayanai, daban suke. Su ne masu girki a madafa, mu ne masu jera kwanuka a gaban baƙi. Na koyi aikin a wata 'yar cibiya da ke bayan kasuwar Samaru, bayan na gama jami'a na shekara guda ina jiran aikin da bai ma san ina jiransa ba. Malaminmu mutum ne mai tsanani. In ka kawo masa shafi, ba ya kallonsa a kwamfuta, wayarsa mai fasasshen gilashi yake ciro ya buɗe a ciki, ya ce mutanenmu a nan za su gani.

Abu na biyu da ya kamata ku sani, kuma shi ne tushen masifar, ni rainon littattafan soyayya ce. Tun ina aji biyu a sakandare nake hayarsu a wani ɗan shago kusa da gidanmu, in cusa su cikin littafin lissafi ina karantawa, Baba yana wucewa yana sa min albarka. (Allah ya yafe min, na ci albarkar lissafi da yawa ba da haƙƙina ba.) Daga cikinsu na koyi cewa namijin kirki ba ya yawan magana, sai dai ya ɗaga gira ɗaya. Na koyi cewa duk haɗuwar da aka yi a bakin aiki, aure ne ƙarshenta, in dai an yi haƙuri an kai littafi na uku. Na girma, na iya rubuta kod, wato harshen da ake gina shafi da shi, na iya sa shafi ya lanƙwashe ya zauna daidai a kowace irin waya, amma wannan karatun bai fita daga kaina ba.

Kafin ranar da nake ba ku labari, shafuka uku na taɓa ginawa. Na farko na Islamiyyar unguwarmu ne, wanda ni da hedimasta kaɗai muke shiga. Na biyu na wani mai ɗakunan hayar ɗalibai a Bomo, inda na ɓata yini guda ina neman kusurwar da zan ɗauki hoton ɗaki ba tare da tsagewar bango ta fito ba. Na uku na wani mai kiwon kaji, wanda kafin in gama shafin ya sayar da kajin ya koma noman masara. Babu ko ɗaya da zan iya nuna wa Baba in ce ga sana'a.

Baba kuwa tsohon ma'aikacin jami'a ne, shekara talatin yana ofis ɗaya, kuma a wurinsa aiki shi ne abin da ake fita da safe a je a yi, a dawo da yamma a gajiye. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Mamana yake kirana, har in yana faɗa. Wata rana bayan la'asar ya same ni a tsakar gida da laftof a cinya, ya tsaya ya daɗe yana kallona.

"Mamana, wannan danne-dannen har yaushe?"

"Baba, aiki nake yi."

"Aikin da ba a gani? Na yi magana da wani abokina mai makarantar firamare a Muchia, yana neman malama. In hutun nan ya ƙare ban ga aikinki da idona ba, ban ji mutane sun yaba ba, za ki ɗauki alli. Mun gama magana."

Saura mako biyar hutu ya ƙare. Ba na raina koyarwa, amma na san kaina. In na shiga aji na fito, laftof ɗin nan sai dai ya zama abin ɗora kofin shayi.

A cikin makon ne gwaggona ta haɗa ni da Hajiya Asabe, mai babban shagon atamfa da leshi da kayan lefe a cikin kasuwar Sabon Gari. Hajiya doguwa ce, mai ƙiba, ba ta dariya sai da dalili, kuma ita ce shugabar matan layinsu. Ta dube ni sama da ƙasa kamar tana duba yadi, ta ce, "'Yar nan, ni ban san intanet ba. Amma 'yan mata yanzu daga kan gado suke zaɓen kaya. Ki yi min abin da za su gani. In ya yi min, zan tara miki matan layin nan kaf. In bai yi ba, ki gaida gwaggonki."

Sai ta juya ta ƙwala kira, "Mansur! Zo ka riƙe mata kaya ta ɗauki hoto."

Jama'a, ya fito daga bayan tarin shaddoji. Dogo, siriri, da farin tabarau, da agogo mai baƙar fata. Ya ce, "Sannu da zuwa." Shi ke nan. Ni kuwa a cikin kaina har an buga babi na ɗaya an kai kasuwa.

Kwana uku muna ɗaukar hotuna. Shi yana warware yadi ya riƙe, ni ina ɗauka. Na ƙirga, a kwana ukun nan jimla uku ya yi min: "Sannu da zuwa," da "Haka ya yi?" da "A gaida gida." Mai hankali zai ce wannan mutum ne da uwarsa ta sa shi aiki yana jiran a gama ya koma kallon ƙwallo. Ni kuma na ce ga shi nan, irin wanda ba ya yawan magana. Ranar ƙarshe ƙura ta shigar masa hanci ya ɗaga gira kafin ya yi atishawa, na koma Samaru a bas ina murmushi har kwandasta ya tambaye ni ko lafiya.

To, a nan sai na ɗan yi muku bayanin sana'a, don nan ne ramin da na faɗa. Kowane hoto da aka sa a shafi, akwai wani ɗan rubutu da ake liƙa masa a baya, wanda ke faɗin abin da ke cikin hoton. Ba a ganinsa. Amfaninsa biyu ne: makafi masu wayar da ke karanta musu shafi su ji mene ne a wurin, sannan in sabis ya yi rauni hoto ya ƙi buɗewa, sai rubutun ya fito a madadinsa. Malaminmu ba ya yafe wa wanda ya bar gurbin nan babu komai. Ni ma na saba, ba na tsallake shi.

Hotunan Hajiya sun fi tamanin. Na zauna da hantsi a ɗakina na fara: "Atamfa ja mai furanni." "Atamfa shuɗiya mai ɗigo-ɗigo." "Leshi fari." Kafin in kai na goma sha biyar na fara hamma. Sai ga hoton wani leshi ruwan zuma, ga hannun Mansur a gefe ya riƙe shi, ga agogon nan. Ban san lokacin da yatsuna suka rubuta wani abu daban ba. Na karanta, na yi dariya ni kaɗai, na ce ai babu mai gani, in na gama zan bi in goge. Na shiga na gaba. Kafin azahar na haɗa wa kaina lefe cikakke daga shagon Hajiya, akwati shida, kowane zane da ranar da zan ɗaura shi da abin da Mansur zai ce in ya gan ni. Wanda bai yi min ba ma ban ƙyale shi ba, sai da na faɗi ra'ayina a kansa.

Kuskure na biyu ya fi na farko wauta. Ƙa'ida ce a rage nauyin hotuna kafin a ɗora su, don su buɗe da sauri ko sabis ba ƙarfi. Na gwada rage ɗaya, sai na ga hannun Mansur ya ɗan dushe, layukan yatsunsa sun ɓace. Na ce a'a, wannan zalunci ne. Na bar su da nauyinsu, kowane hoto kamar buhun masara. A cibiyarmu ta Samaru, inda sabis yake gudu kamar ruwan famfo, shafin yana buɗewa tar, gwanin kyau. Kullum in na buɗe hotuna nake gani, ban ƙara ganin rubutun bayansu ba, har na manta da shi sam.

Ranar nuna aiki ta zo, Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe. Na roƙi Baba ya zo ya gani da idonsa, tunda abin da ya nema ke nan. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya karya hula, muka hau bas. A hanya ina ta yi masa bayanin yadda shafin yake canza tsari in an juya waya, shi kuma yana cewa "To" yana kallon taga.

Shagon Hajiya yana can ƙuryar layi, rufin kwano a sama, tarin yadi ta ko'ina. Mun tarar ta riga ta tara mata sun kai goma, suna zaune a kan benci da kan dilolin kaya. A gaba-gaba akwai Mama Nkechi, maƙwabciyarta mai sayar da jaka da takalmi, haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausa ta zauna a bakinta fiye da nawa, kuma in ta yi raɗa ana ji a layi na uku. Aka ba Baba kujerar roba a gefe, aka kawo masa ruwa. Mansur ya sauko da talabijin ɗin da yake kallon ƙwallo, ya haɗa min da laftof. Ya ce, "Haka ya yi?" Na ce a raina, ko a gaban mutane ba ya iya ɓoyewa.

Na haɗa laftof da datar wayata, na buɗe shafin. Sunan shago ya fito a sama da ruwan zinare, mata suka ce "Masha Allah." Na nuna wa Mama Nkechi maɓallin da ake dannawa shafi ya yi ƙasa, don ta ce ita ma sai ta taɓa. Muka jira hotuna. Shiru. Na duba waya, sandar sabis ɗaya ce, ita ma tana zuwa tana tafiya.

"Hajiya, minti ɗaya, bari in nemo sabis."

Na fita bakin shago da waya a sama kamar mai neman wata. Na matsa gaba kaɗan, na hau wani dakali, na juya gabas, na juya yamma. Ban yi nisa ba, don kada laftof ya rabu da wayar, amma na ba wa talabijin baya. Abin da ya faru a ciki a wannan lokacin ban gani ba. Mama Nkechi ce ta ba ni labari daga baya, sau huɗu, kowane da kwaikwayon murya.

Ashe hotunan sun gaji da ƙoƙari sun haƙura. A gurbin kowanne sai ga ɗan akwati fari da rubutu a ciki. Hajiya ta lalubi tabaranta ba ta gani ba, ta ce, "Mansur, me aka rubuta a nan? Karanta mana."

Ya matso ya fara da muryar mai karanta sanarwa. "Leshi ruwan zuma. Na ranar kamu." Sai ya tsaya.

"Ci gaba mana."

"Umma, ya ƙare."

"Ƙarya kake!" in ji Mama Nkechi. "Ga sunanka nan ina gani. Matsa, ɗan nan, ni na yi makaranta."

Ni ina kan dakali na ji dariya ta tashi a shago. Wallahi daɗi na ji. Na ce hotuna sun buɗe, aiki ya burge. Na gyara mayafi, na sauko da tafiyar jarumar littafi, ina shirya yadda zan ce "Ai ba komai, aikinmu ne." Ina sa ƙafa a bakin ƙofa na ji muryar Mama Nkechi ta cika layi:

"Shadda fara ƙal, ta ango. Dubi yadda ya riƙe ta. Hannun da ya riƙe shadda haka ba zai taɓa wulaƙanta mace ba!"

Na san jimlar. Na san ranar da na rubuta ta, na san har ƙosan da nake ci a lokacin.

"Mayafi ruwan toka, na zuwa gaida surukai. Zan sunkuyar da kai kamar ban iya magana ba. Chai! Hajiya, kin ji? Kamar ba ta iya ba!"

Wata mata ta faɗo daga kan dila don dariya. Masu wucewa suka fara tsayawa. Mansur ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, yana gogewa, kamar zai huda gilashin. Na saci kallon Baba. Yana zaune yadda na bar shi, kofin ruwa a hannu, idonsa a kan wani tarin atamfa kamar an ba shi aikin ƙirga su.

Na yi tsalle zan rufe laftof, Mama Nkechi ta tare ni da hannu ɗaya ba tare da ta ko kalle ni ba. "Tsaya, amarya, muna akwati na huɗu cikin shida."

"Mama, don Allah, kuskure ne, gwaji ne kawai..."

"Gwajin ya yi kyau. Takalmi da jaka ruwan gwal, na ranar walima. Wannan a shagona za a saya, na gode. Sai me? Yawwa." Ta danna, shafi ya yi ƙasa. Ta gyara murya. "Atamfa koriya. Wannan ko kyauta ba na so. In ta shigo cikin lefe a mayar wa uwar miji, ita ce za ta iya da ita."

Dariyar ta ɗauke ɗif, kamar an ɗauke wuta ana tsakar biki. Ita kanta Mama Nkechi sai da ta kai ƙarshe ta gane abin da ta karanta, ta rufe baki da tafin hannu.

Hajiya, wadda tun da aka fara ba ta yi ko murmushi ba, ta ce a hankali, "Wace atamfa ce wannan?"

"Hajiya, ban ma tuna ba."

"To a buɗe mu gani."

Na yi addu'a a raina, irin wadda ban taɓa yi ba, cewa kada sabis ya dawo Sabon Gari har abada. Na sabunta shafin. Kun san abin da ya faru. Sabis ɗin da na hau dakali ina roƙo bai zo ba, yanzu da ba a gayyace shi ba ya iso da sanda huɗu. Kuma saboda nauyin da na bar wa hoton, bai fito gaba ɗaya a huta ba. A hankali ya riƙa saukowa daga sama, layi bayan layi, kamar ana sauke labule. Aka fara ganin kore. Aka ga kan makulli. Aka ga hannun Mansur, tar da shi, ko layin yatsa ɗaya bai ɓace ba.

Sai idanu suka bar talabijin ɗaya bayan ɗaya, suka koma kan Hajiya. Riga da zane da ɗankwali, duk na atamfar nan ne a jikinta. Tun safe nake gabanta, amma hankalina yana kan ɗanta, ban lura ba.

In da ƙasa tana da maɓallin da ake dannawa mutum ya yi ƙasa, da na danna.

Hajiya ta dubi hannun rigarta, ta shafa, ta dube ni. "Wannan ce ta uwar miji?"

Na durƙusa har ƙasa. "Hajiya, ki yafe min. Wallahi yarinta ce."

"Ai ba ki yi ƙarya ba, 'yar nan. Uwar miji ce ta saka. Ankon bikin Mansur ne, wata mai kamawa. Ni na zaɓa da kaina, na ɗinka don mata su gani su saya."

Ban san wanne ya fi zafi ba a cikin biyun. Littafin da na kai babi na ashirin ina rubutawa, ashe jarumin yana cikin wani littafin daban, har an kusa kai amarya. Mansur dai ya ce zai je ya duba wani kaya a sito, ya fita, kuma ina jin ko sito ba su da shi.

Ina durƙushe ina jiran a ce in gaida gwaggona. A raina har na fara tunanin wace irin rigar malamai zan ɗinka. Sai wata mata daga cikin masu wucewar da suka tsaya, da 'yarta budurwa a bayanta, ta leƙo ta ce, "Hajiya, don Allah leshin kamun nan da aka karanta, akwai shi? A ɗauko mu gani." 'Yar ta ja mayafin uwar ta ce, "Da mayafin gaida surukan." Aka ɗauko musu. Ba su ko taya da yawa ba suka sa a jaka.

Hajiya ta bi su da kallo har suka ɓace a layi. Ta juya zoben hannunta.

"Tashi," ta ce. "Shekara ashirin da wani abu ina sayar da leshi, abin da na iya cewa shi ne mai kyau ne, ba ya zuba. Ke kin sa mata sun ga ranar da za su saka shi. Ki cire sunan ɗana. Ki cire uwar miji. Sauran ki fito da su fili, ƙarƙashin kowane hoto, inda kowa zai karanta ko da sabis ko babu."

"To, Hajiya."

"Ban gama ba. Hotunan nan su riƙa buɗewa kafin mai saye ya tsufa."

"To, Hajiya."

"Nkechi, miƙo min turmi ɗaya na koriyar nan." Aka miƙo. Ta ɗora min a hannu. "Kin ce ko kyauta ba kya so. Ga ta kyauta. Ki ɗinka, ki zo biki, ki zauna inda zan gan ki."

Nan dariya ta dawo, har da guɗa. Mama Nkechi ta ce ita ce ta biyu a layi, a yi mata shafin jaka da takalmi, amma da sharaɗin in rubuta mata irin wannan, tunda ɗanta na fari yana Kaduna kuma bai yi aure ba, ko zan duba. Wasu mata uku suka karɓi lambata. Ni dai ina ta "to, to," ban iya ɗaga ido ba, don har lokacin Baba bai ce uffan ba. Ya miƙe, ya yi wa Hajiya godiya da sallama kamar an gama taron ofis, ya yi gaba, na bi shi da laftof a hannu ɗaya, turmin atamfa a ɗaya.

A bas muka zauna kujera ɗaya. Muka bar Sabon Gari shiru. Na gwammace ya yi faɗa, ya ce na zubar masa da mutunci, komai dai. Sai da muka wuce Kwangila ya yi gyaran murya, idonsa na kan titi.

"Mamana."

"Na'am, Baba."

"Akwati shida?"

Na cusa fuska cikin mayafi.

"Uwarki da akwati ɗaya aka kawo ta, shi ma na kwano." Na ga kafaɗarsa tana motsi, na ɗauka tari ne, ashe dariya yake dannewa. "Gobe zan kira abokina in ce ya nemi wata malamar. Aikinki na gani, mutane sun yaba, har sun yi yawa. Kuma bayan abin da kunnena ya ji yau, ba zan iya ba shi shawarar ya damƙa miki 'ya'yan mutane ba."

Haka na tsira da sana'ata. Na gyara shafin a kwana biyu, na rage nauyin hotuna ba tare da tausayin hannun kowa ba. Yanzu shaguna bakwai nake kula wa da shafi a layin, kuma duk wanda na shiga sai an ce, "Ga amarya ta zo." Bikin ma na je. Na ɗinka koriyar, na zauna a layin gaba inda Hajiya ta nuna min da yatsa. Amaryar kyakkyawa ce, mai fara'a, kuma da aka gabatar da ni ta riƙe hannuna ta ce ta ji labarina. (Ban tambaye ta wane ɓangare ba.) Abin haushin, duk wanda ya gan ni ranar sai ya ce atamfar ta karɓe ni.

Littattafan ban daina karantawa ba, kada in yi muku ƙarya. Amma na koyi abu biyu. Duk shafin da na gina yanzu, kafin mai shi ya gani, sai na hau bas na je ƙuryar shagon Hajiya, inda sabis yake zuwa mutuwa, na buɗe shi a can na karanta duk abin da ya fito. Sannan a bayan hoto, abin da ke cikin hoton kawai nake rubutawa. Jiya ma na rubuta guda arba'in, kuma ga irinsu: "Atamfa koriya, yadi shida." Ko da hannun wa ya riƙe ta.